Sharhi kan irin sha'ir da aka ce "mai jure cututtukan ganye"

Rubutun da ke jikin buhu ne ya ja ni ga wannan iri. Na shuka shi gefe da gefe da tsohon irin da na saba, gona ɗaya, taki ɗaya, don in ga bambanci da idona.

Ta fuskar farar fumfuna, wadda ke rufe ganye kamar an barbaɗa toka, sai dai yabo. Tsohon irina ya kamu, wannan kuwa ko ɗigo. Yana ɗauke da gadon kariya da masana ke kira mlo, wanda aka samo wani reshensa daga sha'ir ɗin manoman Habasha, kuma manoman Turai suka dogara da shi tun shekarun 1980 ba tare da cutar ta karya shi ba. Daidai inda fumfunar ke son hudawa, nan ganyen ke yin kauri, sai ta rasa hanyar shiga.

Da damshi ya yi yawa ne labari ya sauya. Sai ga ratsi-ratsi masu ruwan ƙasa suna gitta juna a ganye, gefensu rawaya. Wannan aikin wata fumfunar ce dabam mai suna Pyrenophora teres, kuma abin da ya fi ƙona min rai shi ne sabon irin ya fi tsohon jin jiki. Ita wannan fumfuna kala biyu ce, mai ratsi da mai ɗigo, kuma cikin kowace akwai jinsuna masu ƙarfi daban-daban. Gubar da take kashe ganye da ita ba ta cin kowane sha'ir daidai. Irin da ya tsira a gonar gwaji yana iya faɗuwa a taka gonar, muddin jinsin da ya kwana a karan bara wani ne dabam.

Shi ya sa nake ganin rubutun buhun bai yi wa manomi adalci ba. Wace cuta yake jurewa, wacce ce ba ya jurewa? Ya kamata a faɗa ƙarara, domin mai karanta "mai jure cuta" zai saki jiki ya daina duba ganye. Sai da na yi feshi kafin ratsin ya kai ganyen sama, masu ciyar da zangarniya, sannan tsaba ta cika.

Zan sake shuka shi, amma ba inda aka girbe sha'ir bara ba, kuma sai an gauraya irin da magani, tunda cutar tana bin iri.