Risho mai kai biyu ko shimfiɗaɗɗen kaskon gas: wanne za a sa a but ɗin mota?

Malam, tsakanin shimfiɗaɗɗen kaskon gas, wato faffaɗan farantin ƙarfe mai wuta a ƙasa, da rishon gas mai kai biyu, in dai don yada zango a waje da mota ne, ɗauki risho. Ina da su duka biyun. Ɗaya kullum yana cikin but, ɗayan kuma yana jingine a sito an lulluɓe shi da buhu, sai an yi taro ake tunawa da shi.

Dalilin farko ruwan zafi ne. Ka zauna ka lissafa abin da ake ɗora wa wuta a zango daga asuba zuwa dare: shayi ko kofi, ruwan wanke kwanuka, ruwan goge jikin yara idan ana sanyi, shinkafa, taliya, miya, dafaffen ƙwai, ɗumamen abin da aka taho da shi daga gida. Kusan duk aikin tukunya ne. Masu kasko za su ce maka ai ana iya ɗora buta a kan farantin, kuma gaskiya ne ana iyawa. Sai dai wutar za ta fara gasa ƙarfen tukuna, ƙarfen ya miƙa wa gindin butar abin da ya samu, sauran faɗin farantin kuma yana ta zubar da zafi a iska a banza. Ruwan da risho zai tafasa kafin ka gama yanka burodi, a kan kasko sai ka jira har ranka ya ɓaci, gas kuma yana ta tafiya. A risho harshen wuta yana dukan gindin tukunya kai tsaye, kana rage shi ya ragu nan take, kana ƙara shi ya ƙaru. Farantin ƙarfe ba ya jin magana da wuri haka: ko ka kashe shi, yana nan da zafinsa na tsawon lokaci, albasarka ta ƙone kana kallo.

Akwai wata safiya da ba na mantawa. Ruwan sama ya kwana yana zuba, itacen da muka tara duk ya jiƙe, yara sun fito daga tanti haƙoransu na kaɗawa, mai ɗakina ta dube ni da irin kallon nan na "kai ka kawo mu". Na ɗora rishon a kan tebur a ƙarƙashin rumfa mai buɗaɗɗen gefe, na ɗaga murfinsa, na buɗe fukafukan nan biyu masu tare iska, na kunna. Buta a kai ɗaya, ƙwai a ɗayan. Kafin ƙaramar ta gama ƙorafi kofi mai tururi yana hannunta. Mutanen da suka sauka kusa da mu, waɗanda suka dogara da gawayi, sai ga su da butarsu suna sallama, muka tafasa musu, har muka ƙare da hira ta rabin yini. Tun daga ranar, idan ana loda kaya, uwargida ce da kanta take tambaya ko an sa rishon. Fentinsa ya kwaile, maɓallin kunnawarsa ya daina ƙyastawa sai da ashana, amma wutarsa shuɗiya ce garau kamar ranar da aka saye shi.

Kaskon kuwa, to, yana soya ƙwai da nama da kyau. Wannan ba zan hana shi ba. Idan mutum takwas ko goma ne suka zauna suna jiran karin kumallo, zai fitar da na kowa a lokaci ɗaya, risho kuwa sai ya yi sahu uku. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Bari mu je ga lissafi, tunda shi ne masu sayarwa suka fi rikita mutane da shi. Ƙarfin wutar waɗannan kaya da BTU ake rubuta shi, kuma BTU 10,000 a awa ya kai kusan kilowat 3. Rishon kamfanin Coleman da aka fi sani, mai kai biyu, BTU 20,000 ne gaba ɗaya, wato 10,000 kowane kai. Wani rishon, Camp Chef Everest 2X, yana ba da 20,000 a kowane kai, shi ya sa masu babbar tukunya suke son sa. A ɓangaren kasko, na Blackstone mai inci 17 kai ɗaya gare shi, BTU 12,500, mai inci 22 kuma kai biyu, BTU 24,000. Ƙaramin gwangwanin gas ɗin furofen, mai nauyin fam ɗaya, wato kusan rabin kilo, abin da ke cikinsa bai wuce BTU 21,500 da 'yan kai ba. Ka ga ke nan idan ka buɗe kai biyun Coleman har ƙarshe, awa ɗaya gwangwanin zai yi maka, babban kasko kuma ba zai ma cika awar ba. A takarda kamar sun yi kunnen doki. Bambancin yana wajen amfani: kasko sai ka bar shi ya yi zafi na kusan minti goma kafin ka zuba komai, ko da ƙwai biyu kacal za ka soya, sannan ka sake kunna shi wajen gogewa. Risho kuwa da ka ƙyasta aiki ya fara, kuma da wuya ka buƙaci buɗe shi har ƙarshe in ba tafasa ruwa kake ba. Ko wanne ka saya, in za ku wuce kwana biyu, nemi tiyon da ke haɗa shi da babbar tukunyar gas, ka huta da tara gwangwanaye.

Nauyi ma abin dubawa ne, ko da yake mota ce za ta ɗauka ba kai ba. Risho mai kai biyu yana wajen kilo 5, yana rufuwa kamar akwati, ka ɗora jaka a kansa ba abin da zai same shi. Ƙaramin kasko ya ninka haka, babban kuma ya kusa ninka shi uku, ga shi ba ya son a jingine shi a karkace saboda ragowar mai. But ɗin da ka ga kamar yana da faɗi, da zarar tanti da katifu da kular abinci da jarkar ruwa da kujeru sun shiga, za ka ga kowane taƙi yana da daraja.

Abin da ya fi gajiyar da ni da kasko shi ne reno. Farantin baƙin ƙarfe ne, ba shi da wani rufi da ke kare shi sai man da ka gasa a kansa. Kafin amfanin farko sai ka shafa mai siriri, ka ƙona shi har ya daina hayaƙi, ka maimaita sau da dama har ya yi baƙi. Bayan kowane girki ka kankare, ka goge, ka sake shafa mai. Ka bar shi ya kwana a waje raɓa ta sauka, ko ka ajiye shi da 'yar laima, da safe ka tarar da tsatsa ja ta fito. Sannan akwai kitsen da ke gangarawa cikin ƙaramin kofin nan. Idan teburin bai daidaita ba, kuma ƙasar zango ba kasafai take daidai ba, mai ya taru a kusurwa ɗaya, ƙwai ya bi shi. Kitsen kuma ba a zubar da shi a ƙasa, dole ka nemi inda za ka juye ka tafi da shi, domin warinsa yana kiran tururuwa da ƙudaje da abin da ya fi su girma. A gandun Yosemite na Amurka, saboda dabbar nan beyar, doka ce a kulle abinci da duk wani abu mai ƙamshi a akwatin ƙarfe, to ka tuna farantin da ya sha kitse shi ma ƙamshi yake yi. Da risho, tukunya ɗaya da kaskon hannu ɗaya za ka wanke, ka goge ƙasan rishon da tsumma, shi ke nan.

Iska kuma duka biyun tana damun su, amma risho ya zo da maganinsa, murfi a baya, fukafukai a gefe. Yawancin ƙananan kasake suna da rata tsakanin faranti da jiki, iska ta bi ta nan ta kwantar da wutar, gefe ɗaya ya yi zafi ɗayan ya yi sanyi, sai ka sake sayen abin tarewa daban.

Ga abin da ya kashe gardamar a wurina. Ana sayar da farantin ƙarfe zalla, ba injin komai, wanda ake shimfiɗawa a kan kawunan risho biyu. Kamfanin Lodge yana yin na zubin ƙarfe mai fuska biyu, ɗaya sumul ɗaya mai layi-layi, akwai kuma na alminiyam marasa nauyi. Ka ɗora shi, risho ya zama kasko. Ka sauke, ya koma risho. Tsakiyarsa, inda babu wuta a ƙasa, ba ta kai gefuna zafi, amma nan ne wurin ajiye abin da ya riga ya soyu. Risho yana iya yin aikin kasko, kasko ba ya iya yin aikin risho yadda ya kamata. Ka dai auna faɗin rishonka kafin ka saya, farantin ya zauna ba tare da ya toshe wurin da zafi ke fita ba.

A nan akwai gargaɗi da nake so ka riƙe da kyau. Wannan dabarar ta risho mai furofen ce, wanda gas ɗinsa ke can gefe. Kada ka kuskura ka yi ta a kan ƙaramin rishon nan mai kai ɗaya da ake kwantar da gwangwanin gas ɗin butan a cikin jikinsa. Faffaɗan faranti yana rufe wurin gwangwanin, ya mayar da zafi kansa, matsin ciki ya hau har ya fashe. A shekarar 2015 hukumomi a Ostireliya sun dakatar da sayar da nau'o'i da dama na irin wannan risho saboda abin da ya kamata ya katse gas idan zafi ya yi yawa ba ya aiki yadda ake so. Butan ɗin ma ba abokin sanyi ba ne: da zarar sanyi ya kusa digiri sifili, inda ruwa ke daskarewa, sai ya daina tashi, wuta ta yi ta lumshewa, furofen kuwa yana aiki har wajen digiri 40 a ƙarƙashin sifili. Kuma ko risho ko kasko, ba a kunna shi a cikin tanti ko cikin mota, ko da ruwa ake kamar da bakin ƙwarya. Iskar kabon monokside, gubar da wutar ke fitarwa, ba ta da wari ba ta da launi, tana iya kashe mutum bai ankara ba.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa maka halin wasu masu sayarwa, musamman a intanet. Za ka ga ɗan risho kamar tafin hannu an rubuta masa BTU da ya fi na murhun otal, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Wasu suna manna tambarin kamfanin da aka sani a kan kayan da bai taɓa ganin masana'antar ba. Duba rubutun jikin kwali, lambar kaya, da takardar bayani, jabu ba ya rasa kuskuren haruffa. A kasko, sukan ɓoye kaurin faranti, su ba ka siriri wanda wutar farko za ta lanƙwasa, ko su ɗauko tsohon da ya yi tsatsa su fesa masa baƙin fenti su ce an riga an gasa masa mai. Fenti a wurin da za ka soya abinci! Ka goga yatsa, ka sunsuna. Akwai masu cire regileta, wato abin daidaita ƙarfin gas, daga kwali su sayar maka da ita daban, da masu sake ɗura gas a gwangwanin da aka yi don amfani sau ɗaya. Sannan bakin gwangwanaye ba iri ɗaya ba ne, akwai mai zare, akwai mai maƙalawa, akwai na furofen, kuma mai kanti da ke son rabuwa da kaya zai rantse maka duk suna shiga. Kada ka yi sayen kifi a ruwa. A haɗa a kunna a gabanka, ka ga wuta shuɗiya ba rawaya ba, ka rage ta har ƙasa ka ga ko za ta tsaya ba ta mutu ba, domin rishon da bai iya ƙaramar wuta ba zai riƙa ƙona maka gindin shinkafa. Shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo da regileta. In ka ga kumfa na tashi, ajiye musu kayansu. In ta intanet ne dole, saya inda aka yarda a mayar.

Saboda haka sayi risho mai kai biyu na furofen, mai murfi da fukafukan tare iska, wanda tazarar kawunansa za ta ɗauki tukunya da kaskon hannu a lokaci guda. Ka tafi da tukunyarka kanti ka gwada in ya yiwu. Ƙara farantin ɗorawa da tiyon babbar tukunyar gas, da ashana a leda ko da yana da maɓallin kunnawa. In daga baya tafiyarku ta zama ta gida uku ko huɗu, kuma ka ga suya ce ta fi yawa, sai ka waiwayi kasko a matsayin na biyu, ko ma ka bari wani a cikin ayarin ya saya ya riƙa ɗaukowa a motarsa.