Wata Uku a Cibiyar Share Fagen JAMB Mai Koyarwa da Ƙirƙirarriyar Basira

Wata uku ke nan da na sa 'yata a wata cibiyar share fagen jarrabawar shiga jami'a ta JAMB da ke Kabuga a Kano, ba nisa da tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, inda ake haɗa malamai da manhajar ƙirƙirarriyar basira wajen koyarwa. Abin da ya ja hankalina shi ne, tun daga shekarar 2015 a kwamfuta ake rubuta wannan jarrabawa gaba ɗaya, kuma a yanzu tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Turanci da 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, ga shi yarinyar ba ta saba da komai ba sai biro da takarda.

A lissafi da kimiyyar sinadarai manhajar ta yi rawar gani. Ba ta tsayawa ga nuna wa ɗalibi cewa ya faɗi. Tana bin aikinsa daki-daki har ta gano matakin da ya kauce, sannan ta yi ta jero masa tambayoyi masu kama da wadda ta kayar da shi har sai hannunsa ya faɗa. Malamin da ke fama da aji cike maƙil ba shi da wannan sukuni, komai ƙwazonsa, kuma na ga bambancin a saurin da 'yata take kammala gwaji yanzu.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ya shafi gida. Wata rana manhajar ta shaida wa ɗalibai cewa bayan jihadi aka kafa Kasuwar Kurmi, alhali a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, kuma ta faɗi hakan ba tare da wata alamar shakka ba. Malamin tarihi ne ya gyara, Allah ya saka masa. Hausarta ma da sauran gyara, domin sau da yawa tana yar da lanƙwasar ƙ da ɗ.

Akwai sola, don haka ɗauke wuta bai cika katse darasi ba, sai dai kwamfutocin sun yi wa ɗalibai kaɗan ranar Asabar. Zan bar 'yata ta ƙarasa zangon, amma na roƙi shugaban cibiyar da kada a bar ɗaliban tarihi da na Hausa da manhajar su kaɗai.