Manhajar Anki wajen haddar fomulolin fiziks da kemistiri

Ɗalibin da ke neman gurbin karatun likitanci ta hanyar jarrabawar JAMB zai amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu, 40 daga fiziks, 40 daga kemistiri, saboda haka wanda ya tsaya lalube yana neman tuno fomula, lokaci zai ƙure masa. Wannan ne ya sa na sauke wa ƙanwata manhajar Anki ta katunan hadda, wadda Damien Elmes ya ƙirƙira a 2006, muka yi wata biyar muna aiki da ita.

Tsarinta ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa zama makarantar allo, domin ƙari ne da tilawa. Ana rubuta tambaya a fuskar kati, amsa a bayansa, sannan ɗalibi ya faɗa wa manhajar ko amsar ta zo masa da sauƙi ko ta gagare shi. Katin da ya gagara yakan dawo bayan 'yan mintuna, wanda ya zauna kuwa sai a ɗaga shi zuwa kwanaki, daga baya makonni. A nan ƙarfinta yake, domin ɗalibi ba ya ɓata lokaci yana nanata V = IR, fomular wutar lantarki da ta riga ta zauna masa, alhali lambobin kemistiri irin su 96,500 na Faraday da 22.4 na iskar gas suna zille masa.

Sai dai hadda daban, fahimta daban, kuma mu muka fara yin kuskuren. Ƙanwata ta haddace fomular iskar gas, PV = nRT, kamar sunanta, amma da na ba ta tambaya daga tsofaffin takardun jarrabawa, sai ta saka zafi digiri 27 na Celsius yadda ta gan shi, ba ta ƙara 273 ta mayar da shi Kelvin, ma'aunin zafin da fomular ke buƙata, ba. Daga ranar muka sake salon rubuta katunan: kowace fomula ta samu kati na ma'anar haruffanta, da na ma'aunin da ake amfani da shi, da na ƙaramin lissafi guda. Katunan da ta rubuta da hannunta sun fi zama a kanta nesa ba kusa ba a kan waɗanda muka ɗauko a intanet.

Manhajar tana fitar da sababbin katuna 20 a rana idan ba a canza ba, kuma wanda ya yi fashin mako guda zai tarar da tilawa ta taru masa jingim, don haka muka rage zuwa goma. Kyauta ce a kwamfuta da wayar Android, a iPhone ne ake biya, kuma tana aiki ko babu data. Ina ba da shawararta ga ɗalibin da ke da aƙalla wata uku kafin jarrabawa. Wanda ya rage masa mako biyu, gara ya duƙufa kan tsofaffin tambayoyi.