Tallafin lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin annoba: ƙungiyoyin unguwa ko babbar ƙungiya?

Tun zamanin korona masu ba da tallafi ke yawan yin wannan tambaya: a rarraba kuɗin ga ƙananan ƙungiyoyin unguwa, ko a damƙa wa babbar ƙungiya guda? Buƙatar dai a fili take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar farko ta annobar, fargaba da ciwon damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin ɗari a duniya.

Ta fuskar kuɗi, ƙaramar ƙungiya ta fi araha, don galibi 'yan sa-kai ne. Babbar kuwa, albashi da hayar ofis kan lashe wani kaso tun kafin taimako ya isa ga kowa.

Wajen kaiwa ga mutane ma 'yan unguwa ne a gaba. Sun san tsohuwar da dokar kulle ta bari ita kaɗai, sun san magidancin da sana'arsa ta tsaya cak. Sai dai asiri bai cika rufuwa tsakanin maƙwabta ba, kuma wanda ke tunanin halaka kansa likita yake buƙata, lallashi kaɗai ba zai wadatar ba. A nan babbar ƙungiya ta yi musu fintinkau: tana da ƙwararru, tana da tsarin tura mara lafiya asibiti, lissafinta kuma yana bincikuwa.

Ɗorewa fa? Babbar takan tattara komatsanta idan kwangila ta ƙare. Horon da ɗan unguwa ya samu kuwa yana nan tare da shi.

Mai ɗan kuɗi da ke son rage kaɗaici da gaggawa, ƙungiyoyin unguwa sun fi dacewa da shi. Mai kuɗi masu kauri da zai kula da masu tsananin ciwo, ko wanda dole ya kai rahoton kowane kwabo, ya nemi babbar.