Kanari mai rawaya ko mai ruwan toka: wanne za ka saya?

Duk wanda ya tsaya gaban kejin masu sayar da tsuntsaye a Katsina, idonsa kan mai rawaya yake fara sauka. Ba laifi, kyakkyawa ne: ƙirji da ciki rawaya shar, baya kore-kore, ka ruwan toka, ga baƙin zane da ya sauko daga gefen baki kamar gashin baki. Tsawonsa bai wuce santimita 11 zuwa 13 ba. Ɗan'uwansa mai ruwan toka ya ɗan fi shi ƙanƙanta, kuma ba shi da wani ado sai farin da ke gindin wutsiyarsa, wanda ba ka gani sosai sai ya tashi. Shi tsuntsun busasshen daji ne, irin namu na wajen Daura har cikin Nijar, mai rawaya kuwa ya fi son inda itatuwa suka yi yawa.

Amma ai don kuka ake ajiye kanari, kuma a nan ni dai mai toka nake ba wa gaba. Yana jan kuka ya daɗe bai yanke ba, yana juya murya. Na mai rawaya yana da daɗi, sai dai guntu-guntu ne.

Matsalar mai toka ɗaya ce: namiji da mace kamarsu ɗaya, kuma namijin ne mai kukan. A mai rawaya kana iya gane mace da ɗigo-ɗigon toka a wuyanta kamar sarƙa, launinta kuma bai kai na namiji ba. A mai toka kuwa kunnenka kaɗai ne shaida. In mai kaya ya ce maka "Alhaji, wallahi namiji ne, gajiya ce ta hana shi," ka nemi benci ka zauna. Kada ka biya sai ka ji da kunnenka.

Abinci duk ɗaya ne: gero, acca, ɗan ganyen latas, wani lokaci dafaffen ƙwai. Kada ka haɗa maza biyu keji guda, faɗa za su yi. Ka guji sabon kamu mai dukan keji, da wanda ya kumbura gashi yana lumshe ido da rana. In kuma da hunturu ka saya, ka tanadi zanen rufe kejin da dare.