Asibitin haƙorin da likitansa ya iya sauraro

Asibitin da nake magana a kansa ƙarami ne, kuma kayan aikinsa ba su fi na sauran asibitocin haƙori ba. Abin da ya sa na ga ya cancanci a yi sharhi a kansa shi ne yadda likitan yake mu'amala da wanda ya zo wurinsa, domin a wannan fanni majinyaci yana kwance ne baki buɗe, ba ya iya magana, ba ya ganin abin da ake yi masa, kuma galibi ya zo ne bayan ciwo ya hana shi barci.

Haƙorin turmi na ƙasa ne ya yi mini kogo har ya kai ga jijiya. Kafin likitan ya ɗauki ko da madubin duba baki, sai da ya zauna ya tambaye ni lokacin da ciwon ya fara, ko yana ƙaruwa da ruwan sanyi ko da tauna, ko ina da ciwon sukari ko hawan jini, ko kuma ina shan maganin da ke tsinka jini. Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ke nuna irin allurar kashe zafin da ta dace da kuma haɗarin zubar jini, kuma majinyacin da aka katse masa magana yakan manta da abin da ya fi muhimmanci. Bai katse ni ba ko sau ɗaya.

Da hoton haƙorin ya fito, ya juyo da allon kwamfutar ya nuna mini inda ruɓewar ta tsaya, sannan ya shimfiɗa mini zaɓi biyu: a cire haƙorin, ko a kwashe jijiyar, a wanke saiwar, a cike ta. Ya bayyana cewa cirewa ta fi sauri, amma giɓin da za ta bari yakan sa haƙoran da ke kusa su karkata a hankali, shi kuwa aikin saiwa yana ɗaukar lokaci kuma yawanci yana buƙatar a sa wa haƙorin hula daga baya. Ya faɗi ra'ayinsa a fili, ya bar mini hukunci. Kafin ya kunna injin ya ce, "Malam, duk lokacin da ka ji zafi ka ɗaga hannun hagu, zan tsaya." Na ɗaga, ya kuwa tsaya nan take ya ƙara allura. A ganina wannan ɗan alkawari da aka cika ya fi duk wani lallashi kwantar da hankali.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki, kuma tsoro yana daga cikin abubuwan da ke sa mutane jinkirta zuwa har ƙaramin rami ya zama kumburi. Likitan da bai yi mini faɗa kan jinkirin da na yi ba ya sauƙaƙa mini dawowa.

Inda asibitin ya gaza shi ne teburin karɓar baƙi. Mun daɗe muna jira bayan lokacin da aka ba mu ya wuce, babu wanda ya fito ya faɗa mana dalili, alhali kuwa mai ciwon haƙori zai iya haƙuri idan an gaya masa abin da ke faruwa. Haka nan an yi mini bayanin kula da haƙorin a gurguje, leɓena yana sandare da allura, ba a ba ni shi a rubuce ba, har sai da na buga waya domin in tabbatar da lokacin da zan fara tauna da wannan ɓangaren. Ya kamata hukumar asibitin ta horar da ma'aikatan teburin, ta kuma buga wannan bayani a takarda a riƙa ba kowane majinyaci kafin ya fita.