Kafin ka sayi bod ɗin amfilifaya don sifikar da za ka haɗa

Yawancin masu haɗa sifika a gida da akwati suke farawa: kafinta ya yanka katako, a ɗaura sifika mai inci 6 ko 8, sannan a tafi Sabon Gari a Kano ko Alaba a Legas neman bod ɗin amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai yawan wat. A ganina abin da ya kamata ka fara dubawa shi ne wutar da za ka kunna ta da ita, domin ita ke ƙayyade ƙarar da za ka samu.

In pawa bank ko cajar waya ce a hannunka, bod mai lamba PAM8403 ya ishe ka. Ɗan mitsitsi ne, yana cin bolt 5, yana ba da wat 3 a kowane ɓangare, hagu da dama, kan sifika mai ohm 4 (ma'aunin turjiyarta ga wuta). Ya wadatar da ɗaki ɗaya. Ka jona masa bolt 12, nan take zai ƙone.

Mai batirin sola ko na babur, wato bolt 12, shi ne zai sha tunani. TDA2030 tsohon hannu ne, duk mai gyaran rediyo ya san shi, in ya lalace canjinsa ba wuya. Sai dai wat 14 da ake ambato sai da taransifoma mai ba da wuta sama da haka. A bolt 12 da ƙyar zai kai wat 4. TDA7297 ya fi shi dacewa da wannan wutar, yana kai wajen wat 6 a kowane ɓangare, amma sifika mai ohm 8 yake so. Su biyun kusan rabin wutar da suke sha zafi take komawa. Dole ka ɗaura musu faffaɗan alminiyom, ka huda akwatin iska ta shiga, musamman a zafin Afrilu.

TPA3116D2 na kamfanin Texas Instruments shi nake ba da shawara ga wanda aljihunsa zai ɗauka. Yana aiki daga bolt 4.5 zuwa 26, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha sifika take isa, don haka batir ya fi jimawa. Wat 50 da ake rubuta masa sai da bolt 21 kan ohm 4. A bolt 12 ka sa ran wajen 15. Tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 tana tafiyar da shi lafiya lau. Akwai na jabu, ka sa a gwada maka a shago. Kuma kar ka haɗa baƙaƙen wayoyin sifikun biyu wuri guda, kowace da nata hanyar. Haka ma a PAM8403 da TDA7297.

Ƙananan batura masu caji samfurin 18650 guda 3 a jere suna ba da bolt 12.6 in sun cika, amma kar ka haɗa su babu BMS, ɗan bod ɗin da ke hana su wuce caji har su kama wuta. Batir ɗaya na kirki cajin da yake ɗauka ba ya wuce 3,500mAh sosai, duk wanda aka rubuta wa 9,900 ƙarya ce. Haka lambar wat ta PMPO da ake zuzutawa a jikin kwali, ta RMS za ka nema, wato ƙarfin da bod ke iya bayarwa a kai a kai.

Mai gurmi ko kukuma da ke son a ji shi a ɗan taro, bukatarsa daban ce. Faifan piezo, ɗan faifai mai mayar da girgiza siginar lantarki, a manne kusa da jakin tsirkiya, da ƙaramin amfilifaya LM386 kan batir mai bolt 9, sun isa gwaji, ko da yake bai cika wat 1 ba. In ka kai piezo kai tsaye cikin babban bod, sautin siriri zai fito, kaurin ya ɓace. Sai ka sa ƙaramin firi'am, bod mai daidaita sigina kafin ta shiga amfilifaya, mai taransista irin JFET a tsakani, da gajeriyar waya mai rufin raga don kauce wa ƙugi.